Kejin ɗan kwikwiyo a saman gidan mahaifiyata

Shekarun baya, ba a daɗe da rasuwar mahaifina ba, na shigo da kare gidanmu a Makka. Na san wasunku sun riga sun yamutsa fuska. Ba komai, ni ma da wata ce ta ba ni labarin kafin abin ya same ni, haka zan yi. Masu yawan tambayata game da farin karen nan da ke leƙowa daga bayan tumaki idan na sa hoto, yau ga amsarku.

Mahaifina yana da hoshi, wato garken tumaki da aka kewaye da bulo da kwano, can gaba da Arfa. Ba wani babban garke ba ne. Daga nan yake sayar wa mutanen da suka san shi ragon suna da na layya, da shi ya ciyar da mu. Mu biyu ne a wurinsa, ni da yayana. Yayana tun yana yaro ba ya shiri da warin tumaki. Ya yi karatu, ya samu aiki a ofishin wani kamfanin motocin alhazai a unguwar Kudai, kullum tobensa, doguwar rigar nan ta Larabawa, fari ƙal. Ni ce 'yar rakiyar Baba. Da aka fara barin mata su yi tuƙi, da tsohuwar a-kori-kurarsa na koya, yana gefe yana salati duk sanda na taka burki.

Bayan an gama zaman makoki, yayana ya ce a sayar da hoshin da abin da ke ciki. Ba da mugunta ya faɗa ba. A ganinsa wahala ce, kuma mace ba za ta iya da ita ba. Na ce a ba ni lokaci. Ya ɗaga kafaɗa, irin ta wanda ya tabbata lokacin zai yi masa aiki.

Saura kaɗan ya yi masa kuwa. Karnukan da ke yawo a bayan gari suka gano wani wuri da katangar ta zube, suka fara shigowa. Akwai dattijon da ke kwana a wurin, mutumin Chadi ne, mai amana, amma kunnensa ya yi nauyi, barcinsa kuma ya fi kunnen nauyi. Wata safiya na tarar da 'yan tumakin da aka haifa a hannuna a yashe, uwarsu tana zagaye su tana kuka. Na gyara katangar, suka tona ta ƙasa. Duk labarin da na kawo gida, yayana sai dai ya kalli mahaifiyata.

Maƙwabcinmu a hoshi aminin Baba ne, Bahaushe da iyayensa suka biyo ta Sudan. Shi yana da karnukan gadi, kuma ba a taɓa masa ko ɗan akuya. Karyarsa ta haihu, sai mota ta buge ta a bakin titi, 'ya'yan suka dinga mutuwa har saura ɗaya. Ya kira ni ya nuna min shi a ƙarƙashin tankin ruwa, wani ɗan dunƙulen fari mai manyan ƙafafu.

Ya ce, "'Yata, irinsu ne ke tsare min garke. Amma wannan idan ya ƙara kwana biyu a nan, ko zafi ya kashe shi ko 'yan uwansa na waje. Yana son mai ba shi abinci a kai a kai. Ni na tsufa. In kina so ki ɗauka, in ya yi ƙwari ki dawo da shi cikin tumakinki. In ba kya so, na bar wa Allah."

Na tsaya ina kallon abin. Ni da ban taɓa taɓa kare ba a rayuwata, in na hango shi a titi ma tsallakawa nake yi. Na ɗauko kwalin ruwan roba daga bayan mota, na naɗe hannuna da leda kamar mai ɗaukar garwashi, na saka shi ciki.

Gidanmu tsohon gida ne a wani lungu kusa da Kudai. Yayana da iyalinsa suna ƙasa, ni da mahaifiyata muna sama, sai rufin gidan da muke ce wa suduhi, inda ake shanya da ajiye tarkace. Na lallaɓa na wuce ƙofar yayana, amma mahaifiyata tana zaune a bakin matakala tana tsince shinkafa. Kwalin ya yi ɗan kuka.

Ta ce, "Mene ne a ciki?"

Na ce, "Sabon ma'aikaci ne, Umma."

Ta leƙa, ta ja baya, ta yi a'uziyya. Na ba ta labarin daga farko, har da 'yan tumakin. Daga ƙarshe ta ce, "Saurara. Ba ya shiga ɗaki. Ba ya kusantar kwanona, ba ya kusantar inda nake salla. Ranar da na ga ƙafarsa a kan matakalar nan, ranar zai bar gidan. Kuma ke za ki gaya wa yayanki, ba ni ba."

Ban gaya masa ba. Karen ne ya gaya masa. Washegari kafin in dawo daga hoshi ya cinye gefen kwalin da na ajiye shi ciki a suduhi ya fito, ya yi fitsari a duk inda ya ga dama, sannan ya kama gefen toben yayana da matarsa ta shanya, ya ja har ya faɗo, ya kwanta a kai. Yayana idan ransa ya ɓaci Larabci yake komawa, Hausarsa ta gaisuwa ce da neman abinci. Ranar na sha Larabci. Abin da na iya tsinta a ciki shi ne kare najasa ne, kuma nan Makka ce, kuma me mutane za su ce. Na ba shi haƙuri a kan toben, don wannan laifina ne. A kan karen ban ba shi ba.

Amma na gane idan ban samo inda zan killace shi ba, ba sai yayana ya kore shi ba, shi zai kori kansa. Keji nake buƙata.

Duk wanda ya san Makka ya san shagunan dabbobi na tsuntsaye ne da kyanwoyi. Na shiga na farko, mai shagon ya ce me nake nema, sai na ji bakina ya ce, "Akwatin kyanwa." Ya ɗauko wani ɗan akwatin roba mai hannu. Na ce ya yi ƙanƙanta. Ya ɗauko wani. Na ce kyanwar za ta girma. Ya ce kamar yaya? Na nuna masa da hannu, wajen gwiwata. Ya kalle ni ya ce, "Hajiya, kyanwa ce ko damisa?" Na yi dariyar yaƙe na fita.

A mota na ji haushin kaina. Ban saci komai ba, ban yi abin kunya ba, amma ga ni ina ɓoye-ɓoye a gaban mai sayar da gero na tsuntsaye. A shago na biyu ban jira a tambaye ni ba. Na ce, "Kejin kare nake so." Wani mai sayen abincin aku ya waiwayo ya kalle ni daga sama har ƙasa. Na kalle shi ni ma har ya mayar da idonsa kan akunsa.

Ba su da na kare. Akwatunan robar na sa hannuna ciki na ji yadda suke riƙe zafi a cikin shago mai sanyi ma, balle a suduhi da azahar. Sai na hango wani ƙaton kejin tattabaru, tsawonsa ya kusa kai ni. Na ce wannan ne. A tunanina na yi wa maraya gata, ga fili, ga iska, ya yi ta guje-gujensa. Na saye shi ina jin kaina.

Kwana kaɗan ya nuna min wautata. Tunda wuri ya yi masa yawa, sai ya raba gidan da kansa, wannan kusurwa ɗakin kwana, waccan banɗaki. Ƙasan kejin raga ce ta waya, ƙafafunsa suna zurmawa ciki yana ƙara. Da rana ƙarfen yana ɗaukar zafin da ko ni ba na iya taɓawa. Wari ya fara sauka ta matakala. Matar yayana ta daina hawa shanya, ta koma rataye kaya a tagoginta, abin da ya sa duk lungun ya san akwai magana a gidanmu.

Ina da ƙawa da ke aiki a asibitin dabbobi a Jidda. Na kira ta ina ƙorafi, ta yi ta dariya har sai da na yi barazanar kashe waya. Ta ce, "Ke, ba falo yake nema ba. Kare ba ya son ɓata inda yake kwana, da wannan ake koya masa. Ki ba shi daidai inda zai miƙe tsaye, ya juya, ya kwanta ya miƙe ƙafa. In ya wuce haka zai yi banɗaki a gefe, in bai kai ba kin zalunce shi. Irin nasa kuma girma suke da sauri, don haka ki nemi babba mai allon raba ciki, kina matsar da allon yana girma." Ta ce in auna shi daga hanci zuwa gindin wutsiya, da kuma tsayinsa a tsaye, in ƙara kaɗan.

Na ɗauko tef ɗin ɗinkin mahaifiyata na hau. Auna ɗan kwikwiyo aiki ne na mutum uku, ni kuwa ni kaɗai ce, shi kuma ya ɗauka wasa na zo da shi. Da na sauko na miƙa mata tef ɗin, ta kalle shi ta ce, "Riƙe. Na ba ki har abada."

Tunda babu na sayarwa, na tafi wurin wani mai walda. Na ce ina son keji, ƙarfe a jiki, raga a gefe huɗu don iska ta ratsa, ƙasan katako mai santsi da za a iya zarowa a wanke, rufin katako mai faɗi da zai yi masa inuwa har ta wuce gefe, da allon da ake matsarwa. Na ce kada a bar tsinin waya ko ɗaya a ciki, kuma a yi shi gunduwa-gunduwa da kusoshi masu juyawa, don ni zan hau da shi bene. Ya ce na mene ne? Na ce na kare. Ya ce, "Tayyib," ya ci gaba da awonsa. Shi ne mutum na farko a duk wannan lamari da bai yi min wa'azi ba, har yau ina yi masa addu'a.

Ranar da na kawo kejin, yayana yana zaune a ƙofar gida da kofin shayi. Na sauke gunduwa ta farko daga mota, na wuce ta gabansa, na hau, na sauko, na ɗauki ta biyu. Bai tashi ba, ban roƙe shi ba. Na gama ina haki, abayata ta jiƙe sharkaf, na zauna a suduhi na ɗaure kusoshin da kaina a gefen da katangar maƙwabta ke tare rana.

Ƙawata ta ja min kunne cewa kada in taɓa jefa karen ciki don hukunci. Don haka na bar ƙofar a buɗe, na sa masa abinci a can ciki da wani tsohon buhu. Ya shinshina, ya shiga, ya ci, ya fito. Na yi ta haka har ya fara shiga da kansa idan ya gaji. Sannan na fara rufe ƙofar na ɗan lokaci ina zaune a kusa. Ya yi kuka, kuka mai shiga rai, ina jin mahaifiyata tana gyaran murya daga ƙasa. Na daure ban buɗe ba sai ya yi shiru. Bayan kowane cin abinci da kowane barci in fito da shi in kai shi wani faranti mai faɗi da na cika da yashi a can ƙarshen suduhi. Na ware abaya ɗaya da takalmi ɗaya na hawa sama, da bokiti da sabulunsu, in na sauko in wanke hannu da ƙafa in canza kaya. Ban taɓa tsafta irin ta wannan lokacin ba. Warin ya tafi. Kukan ya ragu. Na matsar da allon karo na farko ina murmushi ni kaɗai kamar wadda ɗanta ya fara tafiya.

Na zaci shi ke nan. Ashe gyaruwar abin ce ta fi ɓata wa yayana rai, don ta ƙwace masa hujja.

Wata Juma'a bayan la'asar sai ga gwaggona, ƙanwar Baba, ta zo da carbinta. Daga yadda yayana ya biyo ta sama na san kiranta aka yi. Aka zauna. Gwaggo ta ce ta ji abin da ba ta taɓa ji ba, gidan ɗan'uwanta, ko shekara bai yi a ƙasa ba, an mai da shi gidan kare. Ta ce iyayenmu ƙafa suka tako zuwa garin nan don albarkarsa, ba don wannan ba. Yayana ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare.

Na ce, "Gwaggo, malamai sun yarda a riƙe kare don gadin dabbobi. Ba ni na ƙirƙira ba."

Yayana ya ce, "Tumaki nawa ne a suduhi?"

Gaskiya tambayar ta kama ni, don yana da hujja. Na ce, "Babu ko ɗaya, Yaya. Shi ya sa ba zama ya zo yi ba. Ranar da ya iya kare kansa, ranar zai tafi wurin aikinsa. In na kai shi yau, gawarsa zan tarar gobe."

"To ki mayar wa mai shi."

"Mai shi ya bar wa Allah. Ni Allah ya ba."

Gwaggo ta ce bakina ya yi tsawo tunda na fara tuƙi. Na sunkuyar da kai saboda girmanta, amma na juya ga yayana na faɗi abin da ke cikina tun farko. Na ce, "Yaya, ba kare ne ya dame ka ba. Kana jira karnukan waje su gama da tumakin Baba, in zo da kaina in ce a sayar. Wannan ɗan abin da ke sama shi ne ya tsaya maka a hanya." Ya miƙe, ya ce "Halas," wato magana ta ƙare, ya sauka. Mahaifiyata kuwa daga farko har ƙarshe tana ta zuba wa Gwaggo shayi.

Bayan 'yan kwanaki na tafi hoshi da sassafe, wata tunkiya ta sha wahalar haihuwa, ban dawo ba sai bayan azahar. Ina shigowa lungunmu na hango shi. Kejin yana bakin hanya kusa da kwandon shara, a tsakiyar rana. An samo masu ɗauka sun sauko da shi ɗungurungum, da karen a ciki. Kwanon ruwansa ya kife tun a matakala. Yana kwance a ɗan abin da ya rage na inuwar rufin, harshe a waje, cikinsa yana bugawa da sauri, da na kira shi ko kai bai ɗaga ba.

Ban san sanda na fito daga mota ba. Na buɗe ƙofar, ƙarfen ya ƙone min yatsu. Na ɗauko robar ruwan da nake sha na jiƙa masa ciki da ƙafafu, na ɗiga masa a baki kaɗan-kaɗan. Mutane sun fara leƙowa ta tagogi, mai kantin lungun ya fito ya tsaya. Da ya fara lasar ruwan, na sunkuce shi na rungume a ƙirjina, ba leda, ba kwali, da abayata ta fita unguwa. Na bi ta gaban kowa na shiga gida.

Yayana yana tsaye a tsakiyar matakala. Ya ce, da Hausa wannan karon, "Ba zai hau ba."

Na ce, "Matsa, Yaya."

"Na ce ba zai hau ba. Ni ne namiji a gidan nan."

Na ce, "To ka ƙwace shi daga hannuna." Na miƙa masa shi. Na san ba zai taɓa ba. Muka tsaya a haka, ruwa yana ɗiga daga jikin karen a kan matakala.

Sai muryar mahaifiyata daga sama. Ashe tana barcin rana aka yi abin, hayaniyarmu ce ta tashe ta. Ta kalli karen, ta kalli yayana. Ta ce, "Kai ka sa aka fitar da shi rana?"

Ya fara bayani da Larabci. Ta ɗaga masa hannu.

"Ni ma ba na son karen nan. Ko yau ba na son sa. Amma ba a kulle mai rai a ajiye shi a rana daga gidana, ko ɓera ne. Matsa mata."

Ya matsa. Da na zo wucewa ta gabanta ta janye zanenta kada ya taɓa, ta ce, "Ke kuma, kafin a fara tare hanyoyi saboda Hajji, ya bar min gida. Kuma ki wanke matakalar nan."

Na kwantar da shi a inuwa a kan jiƙaƙƙen buhu, na kira ƙawata ta gaya min abin da zan duba. Sai da numfashinsa ya daidaita na sauka, na kwance kusoshin kejin a bakin hanya, mutane suna kallo, na sake hawa da shi gunduwa-gunduwa. Sannan na wanke matakalar tun daga sama har ƙasa, har da ƙofar yayana.

Na cika wa mahaifiyata alkawari. Kafin motocin alhazai su cika hanyar Muzdalifa da Arfa, na cire allon gaba ɗaya don karen ya riga ya cika kejin, na loda su a mota. A hoshi na kafa kejin a cikin garken, inda tumaki za su shinshine shi ta raga shi ma ya shinshine su ba tare da wani ya ji wa wani ba. Da suka saba na cire ƙofar. Ya zama ɗakinsa, in rana ta yi ya shiga, in ya ji motsi ya fito. Bai zama gwani rana ɗaya ba, ya kori 'yan tumaki da sunan wasa, ya sha tsawa a wurina da wurin dattijon. Amma da muryarsa ta buɗe, karnukan waje suka fara zagaye katangarmu su wuce. Haushinsa har dattijon yake tasarwa, abin da na ɗauka sai ƙahon tashin kiyama.

Da aka zo rabon gado, aka yi shi yadda shari'a ta ce. Na zaɓi tumakin da hoshin a cikin rabona, yayana ya ɗauki nasa a wani wuri. Mun yi watanni gaisuwa kawai ke haɗa mu. Yanzu muna hira, muna dariya, 'ya'yansa suna kwana a wurina. Bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, ni ma ban taɓa cewa na yi ba. Duk shekara a wurina yake ɗaukar ragon layya, amma ba ya fitowa daga mota, gilashi a rufe yake nuna wanda yake so da yatsa.

Idan na tuna, ba na ganin kaina a matsayin wata jaruma. Mace ce da ta ji tsoron a raba ta da abin da ya rage mata na mahaifinta, ta kama abin da ta samu. Ban ce kowa ya ajiye kare a gida ba. Ni ma ban ajiye ba, na yi renonsa ne na kai shi inda ya dace, kuma har yau in ya lashe ni sai na wanke. Amma na koyi bambance abin da Allah ya hana da abin da mutane ba su saba gani ba, don sau da yawa da murya ɗaya ake faɗa maka su. Na farkon ina sunkuyar masa da kai. Na biyun kuwa, a kawo min hujja ko a ba ni hanya.

Karen ya fara manyanta yanzu. Gashin bakinsa ya canza, in ya tashi daga kwance sai ya ɗan yi jim kafin ya taka. Garken ya fi ƙarfinsa shi kaɗai. Makon da ya wuce na yi magana da ɗan aminin Baba, wanda ya gaji garken mahaifinsa, ya ce karyarsu ta kusa haihuwa, zai ajiye min ɗaya. Na gaya wa mahaifiyata, ta ce ita dai dokokinta ba su canza ba. Yayana ne ban gaya wa ba tukuna. Amma na san yana karanta duk abin da nake rubutawa a nan, ko da yake bai taɓa nunawa ba. To, Yaya, ka ji.